Farfesan da Ya Auna Jinin Ɗansa

Zargi shi ne laifin da wannan tarihi zai bayyana, tare da abin da ya cinye wa mai shi, domin na baya su sani cewa tarin ilimi ba ya hana mutum rushe gidansa da hannunsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi marigayi Farfesa a shekarar 1951, a wani gari na bakin kogi. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa sana'arta saƙa. Su biyu kaɗai suka rayu a ɗakinsu, shi da ƙanensa, wanda daga baya kowa ya sani da Kafinta. Tun yana firamare aka lura ba ya karɓar magana sai ya juya ta ya duba bayanta, har mahaifiyarsa takan ce, "Kai dai ko sunanka aka faɗa maka, sai ka nemi shaida." A 1971 ya shiga jami'a ya karanci lissafi, kuma saboda hazaƙarsa aka riƙe shi koyarwa.

Aurensa da tafiyarsa

A 1976 ya auri 'yar maƙwabcinsu, malamar makaranta, wadda ake kira Malama. A 1979 jami'a ta tura shi ƙasar waje neman digiri na uku a kan yadda kamanni da cututtuka ke bin jini daga kakanni zuwa jikoki, da yadda ake auna hakan da lissafi a cikin al'umma. Ya bar Malama da yara biyu amana a hannun Kafinta, wanda ya tare a ɗakin ƙofar gida. Shi ne cefane, shi ne kai yara asibiti, shi ne gyaran rufi in damina ta kama. A 1981 Farfesa ya zo hutu, shekarar da ta biyo aka haifi ɗansa na uku, wanda ya girma ya kere kowa a gidan, aka sa masa Dogo. Bayansa aka sami Auta.

Aikinsa

Da ya dawo a 1983 ya kafa ɗakin bincike a hawa na sama na wani ginin jami'a, ɗaki siriri mai firjoji a jere suna ƙugi, cike da 'yan kwalaben jini, kowace da lamba, babu suna. Ya zaga ƙauyuka yana ɗiban jinin iyalai, yana nazarin sikila da auren zumunci, kuma ba za a hana shi haƙƙinsa ba, jama'a sun amfana ƙwarai. A 1995 aka yi masa Farfesa.

To, amma aikin ya nuna masa wani abu: jefi-jefi a kan sami yaron da jininsa bai dace da na wanda ake kira ubansa ba. Ƙa'idar aiki ta ce a rufe baki. Bakin ya rufe, sai dai zuciya ba ta rufu ba, ya kwaso abin ya taho da shi gida. Ɗalibansa sukan ce ko gaishe shi ka yi sai ya tambayi wanda ya aiko ka. A wurin cin abinci yakan zura wa kunnen Dogo da yatsunsa ido, ya saci kallon nasa hannun, har Malama ta ce cikin raha, "Baban yara, abincin za ka ci ko yaron?" Sai ya yi yaƙe ya sunkuyar da kai.

Abin da ya faru a 2009

A wannan shekara aka sa ranar auren Dogo, ya kawo kansa ɗakin binciken mahaifinsa domin gwajin sikila kafin aure. Farfesa ya raba jinin biyu, ya haɗa kwalbar rabin da kwalbar nasa jinin, ya ba wata Dakta, tsohuwar ɗalibarsa, ya ce na wasu mutane ne. Dakta ta kawo sakamako ta ce, "Ranka ya daɗe, uba da ɗa ne, lissafi ya ba da kashi casa'in da tara da ɗoriya."

Da wani mutum ne, a nan zai yi hamdala ya nemi gafara. Shi kuwa ilimin nasa ne ya ba zargi wurin fakewa, domin ya san lissafin yana kwatanta uba ne da baƙon kan titi, alhali ɗan'uwa na jini jininsa kusa yake da naka, sai an gwada shi daban kafin a cire shi daga zargi sarai. Kuma wane ne ya zauna a ɗakin ƙofar gida?

Ya ɗauki allura ya nufi shagon Kafinta, ya ce wani bincike yake a kan ciwon suga. Kafinta ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka tsotse jinin rabin duniya ba ka taɓa neman na talaka ba, sai yau?" Maimakon amsa, Farfesa ya ce, "Lokacin da na zo hutun nan, kai a ina kake kwana?" Dariya ta ɗauke. Kafinta ya ajiye guduma, ya naɗe hannun riga ya ce, "Ga shi, Yaya, ɗiba. Amma daga yau ko ciwo ka ji ina yi, kada ka aiko."

Kafinta bai ga dalilin ɓoye wa Malama abin da ya taɓa mutuncinta ba, ya je ya faɗa mata. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce wa mijinta, "Ashe duk shekarun nan ina zuba maka abinci, kai gadina kake yi." Ta haɗa kayanta ta koma gidan babbar 'yarta, Kafinta ne ya tsaya wa Dogo a matsayin uba ranar aure.

Sakamako na biyu ya fito, ya wanke Kafinta fes. Farfesa ya garzaya da albishir wurin Malama, ta tare shi daga bakin ƙofa ta ce, "Ni na haife shi. Kai ne ba ka sani ba, je ka yi murnarka."

Ƙarshen rayuwarsa

A 2010 jami'a ta kafa kwamiti, aka tabbatar ya yi amfani da jinin mutum a kan abin da ba a ba shi izini ba, aka karɓe makullan ɗakin binciken, ya yi ritaya kafin lokaci. Ya zauna shi kaɗai a babban gida, yana ta sauya 'yan aiki, domin kowa ya ɗauka sai ya ce aiko shi aka yi leƙen asiri.

Allah Ya yi masa rasuwa a 2021, yana da shekara saba'in, bayan jinyar hawan jini. Aka yi masa sutura aka binne shi kusa da mahaifinsa. Kafinta ya tsaya aka yi salla, amma bai taka cikin gidan ba. Allah Ya gafarta masa.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa, likitar yara, na biyu, injiniyan ruwa, Dogo, malamin sakandare, da Auta, mai shagon ɗinki. Dukkansu nasa ne. Abin da zargi ya raba shi da shi kuwa: matar aure ta shekara talatin da uku, ƙane ɗaya tilo, ɗakin binciken da ya gina da ƙuruciyarsa, da jikoki uku na wajen Dogo, waɗanda ko ɗaya ba a taɓa ɗora masa a cinya ba.