Gasasshen Dabino Ranar da Inna Ta Dawo

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan za ta kira ni sai ta ce "ke", idan kuma maganata take yi da wani sai ta ce "waccan ta Gusau". Ba ta yaba mini a gaban mutane, kuma iyakar sanina ba ta yi a bayansu. Na san kunya ce irin ta iyayenmu, na kuma yi karatun da ya isa in gane haka. Sai dai ganewar ba ta taɓa hana ni kasa kunne ba.

Abu ɗaya nake riƙe da shi a matsayin shaida. Duk lokacin da za a yi manyan baƙi a gidanmu na Bungudu, ni ake aika wa. Ƙanina zai kira ni a waya ya ce, "Inna ta ce ranar Asabar akwai baƙi." Ba ta ce in zo ba, ba ta ce in dafa komai ba, amma ni da ita mun san abin da saƙon yake nufi. Sai in shiga mota daga Gusau da kayan miya a cinya. Wataƙila wata ba za ta ɗauki wannan a bakin komai ba. Ni dai shi ne rabona daga Inna, kuma ina tattalinsa.

Sai ƙanin nawa ya auro wata yarinya daga Tsafe, suka zauna a sashen da ke kusa da na Inna. Har yau Amarya muke ce mata. Malamar makaranta ce, mai fara'a, mai saurin aiki. Ba ni da wani aibu da zan faɗa a kanta, kuma gaskiya na nema. Girki take yi ba awo, ta watsa gishiri tana hira, ya fito daidai. Ita Inna ba ta da dalilin jin kunyarta, don haka a gaban kowa za ka ji ta ce, "Ɗiyar nan hannunta da albarka." Ranar da na fara jin wannan magana ina tsugune ne ina kankare tukunya. Ina jin na kankare ta fiye da yadda take buƙata.

Akwai wani abu da na iya wanda na tabbata, ko kusan na tabbata, ba wanda ya san shi a danginmu. Lokacin da na fara aiki na zauna haya a Sabon Gari, maƙwabciyata wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar kudu. Idan za ta yi baƙi lokacin Kirsimeti takan tsaga dabino ta cire ƙwallon, ta cusa cuku a ciki ta gasa, a ci kafin abinci ya sauka. Ita cukun kanti take sa wa, tana kuma da abin gashi na gas. Ni sai na koyi yin nawa cukun. Nakan sayi ɗanyar madara wurin wata Bafulatana, in tafasa, in matsa lemun tsami har ta tsinke, in tace a farin ƙyalle, in danne da dutse ruwan ya tsiyaye, sannan in murza da ɗan gishiri. Gashin kuma a tukunya nake yi: yashi a ƙasa, faranti a kan yashin, garwashi a kan murfi. Idan ya fito sai a ɗiga zuma a barbaɗa soyayyen riɗi. Na ɓata madara ba kaɗan ba kafin in gane kansa. Ban taɓa kai shi Bungudu ba. Ina ajiye da shi don wata rana da ban san wace ce ba.

Ranar ta zo shekarar da Inna ta sauke farali. Da aka ce jirginsu ya kusa, saƙon ya iso kamar kullum, na ji sanyi a raina. Na riga kowa isa gida da madarata da zumata da busasshen dabinon kasuwa, na jiƙa shi don ya yi laushi.

Washegarin saukarta, kafin 'yan barka su fara cika gida, Inna ta kwance makullin babbar jakarta daga bakin zane. Ina tsaye a gefenta, har na fara miƙa hannu in karɓa. Sai ta miƙa wa Amarya ta ce, "Karɓi. Ke za ki riƙa ba baƙi dabino da zamzam."

In za a bi hankali, daidai ta yi. Amarya ce ke zaune a gidan, ita ta san wace ce maƙwabciya, wace ce ta zo daga nesa. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa a hanyar komawa madafi. Amma da na kalli dabinona na kasuwa a cikin ruwa, ya kumbura ya yi fari-fari, sai na ga bai kai ba. Na riga na hango na cikin jakar, baƙi, mai laushi, yana sheƙi.

Na same ta a ɗakin Inna na ce, "Amarya, ɗebo mini dabinon nan kwano guda."

"Wanne, Yaya? Na jaka?"

"Shi."

"Na ga kamar kin jiƙa wani."

"Wancan bai yi ba."

Ta dubi makullin da ke hannunta. "To ko in tambayi Inna?"

Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta faɗa. Ni dai abin da na ji shi ne sai na bi ta hannunta kafin in taɓa kayan uwata. Na ce, "Ba sai kin tambaye ta ba." Ta cika kwanon har ya yi tozo ta ba ni.

Ban taɓa yin gashin da ya kai na ranar ba. Dabinon ya ƙara laushi, bakinsa ya ɗan dafe, cukun ya yi ja a sama. Ƙanshin ya kai har zaure. Na jera a babban faranti na ɗauka da kaina zuwa rumfar da mata suke, don abu ne da ake ci da zafinsa.

Rumfar ta cika. Inna na zaune a tsakiya cikin farin mayafi, ana ta yi mata "Hajiya, barka da sauka." Kusa da ita akwai ƙanwar kakarmu da ta zo daga Bilbis, tsohuwa mai kaifin baki, Kaka muke ce mata. Na durƙusa na ajiye farantin a gabansu.

Kaka ta leƙa ta ce, "Wanga fa mine ne?"

"Dabino ne, Kaka, da cuku a ciki."

"Wane dabino?"

"Na Madina."

A lokacin ne na tuna abin da na sani tun ina yarinya, wanda ban san yadda aka yi ya fita daga kaina ba. Dabinon alhaji ba a cinye shi a wurin barka. Mace takan karɓi nata ta ƙulle a bakin mayafi, ta kai gida ta gutsuttsura wa yara da tsofaffi kowa ya samu tubarraki, ana addu'ar Allah Ya kira su su ma. Wasu har ƙwallon suke adanawa.

Kaka ta ce, "Dabinon da ya ƙetaro teku, shi aka farke wa ciki aka sa ma wuta? Ƙwallon fa?"

Na ce yana madafi. Ban faɗa mata yana cikin toka ba.

"To ni mi zan kai ma jikokina? Maiƙo?"

Wata mata daga baya ta ɗauki ɗaya ta gwada ƙullewa a mayafinta, zuma da mai suka fito ta cikin yadin, ta yi sauri ta mayar. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Kaka abokiyar wasana ce, jika nake a wurinta, ina da damar in mayar mata da magana a wuce wurin. Amma ni ban iya wasa ba idan gabana na faɗuwa. Ina nan durƙushe ina lissafin yadda zan ɗauke farantin ba tare da na ƙara jawo ido ba.

Sai ga Amarya da tire cike da dabino ɗanye. Ta zube a gaban Kaka ta ce, "Naki na kaiwa Bilbis ga shi, ba wanda ya taɓa. Wancan na ci ne a nan, don kar ki koma ki ce an bar ki da haɗiyar yawu a Bungudu. Ko haƙoran ne suka ƙare, a dama miki kunu?"

"Ja'ira. Haƙorana sun fi na mijinki ƙwari."

"To mu gani a ƙasa."

Kaka ta ɗauki ɗaya ta jujjuya shi, ta yi bisimilla ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu ta ce, "Ashe abin da daɗi. Ku matsa, ba na kowa ba ne."

Kafin wani lokaci farantin ya zama wayam. Har wadda mayafinta ya ɓaci ta ci uku, in ban yi kuskure ba. Ya kamata in ji daɗi, kuma na ɗan ji. Sai dai duk Amarya suke kallo, sun ɗauka ita ta yi, ni ɗaukowa kawai na yi.

"Kai, Tsafe ta iya tarbiyya."

"Hajiya, kin yi dacen suruka."

Amarya ta ce, "Wallahi ba ni ba ce, Yaya ce ta yi. Ni ko ganin irinsa ban taɓa yi ba."

Wata ta ce, "Ku ji kawaici. Ba ta ma so a yabe ta."

Duk gaskiyar da ta faɗa sai ta koma mata ado. Da ta yi shiru ta karɓe yabon, da na samu abin da zan riƙe a kanta. Ko wannan ba ta bar mini ba.

Na dubi Inna. Ita kaɗai ce za ta ce "waccan ce ta yi" a yarda. Na san ba za ta iya ba, a gaban ƙanwar uwarta da rabin unguwa. Duk da haka na dube ta. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi ta ce, "Allah Shi yi albarka." Ba ta faɗi wa take sa wa albarkar ba.

Da la'asar baƙi suka ragu. Ina bayan madafi ina juye yashin tukunya, Amarya na wanke kofunan zamzam, sai Inna ta tsaya a bakin ƙofa. Da Amarya take magana, amma da ƙarfin da zan ji.

"Ki ce ma waccan ta koya miki abin nan. Ba kullum za a riƙa taso ta daga Gusau ba, ga aiki, ga hanya yadda ta zama."

Na sha juya wannan magana. Wani lokaci in ji tausayi ne, don hanyar ba ta da daɗin bi a shekarun nan, kuma uwa ce. Wani lokaci in ji yabo ne, irin wanda za ta iya: abin ya yi mata har tana so a riƙa yi. Wani lokaci kuma in ji sallama ce kawai aka yi mini cikin mutunci. Ban san wanne ne ba, kuma ba tambayar da ake yi wa Inna ba ce.

Na koya mata kafin in koma. Ya zo mini a rai in rage wani abu, ko matsar ruwan cukun ko yawan garwashi, amma ban iya yin aiki rabi ba, ko da na so. Na nuna mata komai dalla-dalla, har na maimaita. Tana ta "To, Yaya," tana lasar zuma a yatsa, ba ta auna ko abu ɗaya ba.

Bayan wata biyu ko uku, wata Asabar da hantsi, wayata ta yi ƙara. Amarya ce, ina jin hayaniyar mata a bayanta.

"Yaya, 'yan Tsafe ne suka zo gaida Inna. Garwashin nan na kan murfi, sai ya yi toka-toka ake zubawa ko da jansa?"

Ina zaune a ɗakina a Gusau, ba inda za ni ranar. Na ce ta bari ya ɗan yi toka, kuma ta riƙa leƙawa, don dabino ba ya jimirin wuta.