Dakan da Kawu Sale Ya Ji a Cikin Inji

Wannan abin ya same ni ne a shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama, ina yaron mota a wurin kawuna, Kawu Sale, muna jigila tsakanin Gaya da ƙauyukan Ajingi da wata tsohuwar a-kori-kura. Duk wanda ya san ni a tashar Gaya zai gaya muku ina da ƙarin gishiri, in na ga ƙadangare sai in ce kada na gani, amma wallahi wannan labarin ban ƙara masa komai ba, da ma ragewa zan so in yi, don har yau kunyarsa nake ji.

Sai na fara gaya muku wani abu game da Kawu. Sanƙarau ya taɓa kama shi, ya tashi kunnensa na hagu a mace, na daman ma sai an ɗaga murya. Daga matarsa sai ni muka sani, don ku faɗa mini, wa zai shiga motar direban da ba ya jin hon? To ni ne kunnensa. Sitiyarin motar a dama yake, ni ina zaune a hagunsa, in an yi hon a baya in taɓa gwiwarsa, in fasinja ya yi magana in maimaita da ƙarfi kamar ina kwaikwayonsa don tsokana, mutane su yi dariya su ce yaron nan ba shi da ta ido. Shi kuma ya koya mini sauraron inji. Akwai wani dogon sukundireba da yake da shi, ka ɗora tsininsa a jikin inji, ka manna mariƙin a kunnenka, sai ka ji duk abin da ke faruwa a ciki. Da na ɗan iya sai kaina ya kumbura, na riƙa cewa ko motar da ke wucewa a titin Wudil in ta yi tari ina daga Gaya zan faɗi ciwonta.

Ranar aka ɗauke mu kai gara Toranke, wata 'yar unguwarmu aka aurar can. Mata suka cika bayan mota, ga nakiya, ga man shanu, ga daddawa, ga buhun gero. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Gwaggo Tabawa, ita aka sa gaba tare da mu, ni a tsakiya. Akwai kuma 'yan mata biyu a baya waɗanda tun daga Gaya nake musu burga.

Da hantsi ya ɗaga muka tsaya a wata gangara don ƙara ruwa a lagireto. Motarmu ba ta da birkin hannu, sai an tokare taya da waigi, wato wani guntun ice da nake ajiyewa a baya, ni kuwa na baro shi a tasha. Wurin kufai ne, ba kowa, sai ragowar katanga da wata kuka. Na ruga na duba, na tarar da ɓarin wani tsohon turmi a kife, ya yi baƙi ya yi santsi, na ce yauwa, na ɗauko na tokare. Da muka gama na jefa shi bayan mota kusa da buhun geron, na ce na yi sabon waigi.

Ba mu yi nisa ba na fara ji. Ƙas, ƙas, ƙas, daga gaba, a hankali, ba ya sauri ba ya tsayawa. Na taɓa gwiwar Kawu na miƙa wuya na kai baki kunnensa na dama na ce inji na ƙara. Ya tsaya a gindin wata tsamiya, na diro ina naɗe hannun riga, na ɗaga murfin inji, na ce wa mata su kwantar da hankali, likita ya zo.

Na fara da baƙin mai, don in ya yi ƙasa kan inji yakan yi irin wannan ƙarar. Na zaro sandar awo, mai cif. Na ce to fanka ce ke taɓa wani abu, na duba, fanka lafiya lau. Na ce fulogi ne ya kwance, Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana, duk a ɗaure tam. Na ce salansa ce ta fashe a wuya, na shiga ƙarƙashi na fito buɗu-buɗu da rairayi, ba komai. Kowace na faɗa sai na faɗe ta da ƙarfi yadda 'yan matan za su ji, kowace kuma ta ƙaryata ni. Gwaggo Tabawa ta leƙo ta ce, "Likita, anya ba mu ne za mu kai ka asibiti ba?" Mata suka kwashe da dariya.

Abin da ya fara ɗaga mini hankali shi ne, ƙarar inji in an taka totur sauri take ƙarawa, wannan kuwa Kawu ya taka, ya saki, tana nan yadda take. Sai Kawu ya kashe motar don inji ya huce.

Jama'a, mota a kashe, makulli a hannun Kawu, ƙas, ƙas, ƙas.

Na ce wa kaina ƙarfe ne ke hucewa, ai yakan yi haka. Na ɗauko sukundireba na ɗora a kan inji na manna kunne. Abin da na ji ba ƙarfe ba ne. Daka ne. Dakan mata sosai, taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, irin luguden da ake ji da safe daga bayan danga, har da tafin nan da suke yi in sun cilla taɓarya sama kafin su cafe. Na matsar da tsinin gaba, na matsar baya, duk inda na ɗora dakan ne, kamar akwai tsakar gida a cikin injin.

Na saki sukundireba ya faɗi. Kawu bai san me ake ciki ba, shi a wurinsa tunda ya kashe mota komai ya yi shiru, sai ya ce mini to tunda ta daina mu tafi, rana na yi. Ni kuwa tsoro ya gama cinye ni, na manta da mata, na manta da duk abin da muke ɓoyewa, na ƙwala masa da iyakar muryata, "Ina ta daina? Ga ta nan kowa na ji! Kai ne dai ba ka ji, Kawu, ai ka san ba ka ji!"

Dariyar matan ta tsaya cak. Wata a baya ta ce a hankali, ashe kurma ne ya ɗauko mu. Kawu bai ji ta ba, amma ya ga bakinta, ya ga yadda duk suka zuba masa ido. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ya ɗauke ni daga gaban uwata, yake raba tuwonsa da ni.

Ya sunkuya ya ɗauki sukundireban, ya ɗora a inji, ya manna a kunnen dama. Ya girgiza kai, bai ji komai ba. Sai kuma, ban san me ya sa ba, ya juya ya manna a na hagu, mataccen. Na ga ya daskare. Ya daɗe a haka idonsa a rufe, sai na ga yatsunsa na ɗaya hannun suna buga jikin mota, daidai da dakan, bugu ba ya kuskure. Ya ce, "Gero suke surfawa."

Gwaggo Tabawa ta sauko tana salati, ta dube ni ta ce, "Kai yaro, me ka ɗauka a hanya?" Na ce ban ɗauki komai ba, don wallahi na manta, sai da ta sake tambaya na tuna da ɓarin turmin. Na ɗauko mata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta karɓa da hannu biyu, ta kai gindin tsamiyar ta kife shi yadda na ce na same shi, ta yi sallama kamar mai barin gidan mutane, ta dawo.

Kada ku ce daga nan ƙarar ta tsaya, ba ta tsaya ba. Muka tsaya cirko-cirko muna ji, sai ta ƙara sauri kamar yadda mata ke yi in sun kusa gamawa, sai ƙwal, kamar an jingine taɓarya a bango. Shi ke nan. Kawu ya tayar da mota, inji sumul har muka isa Toranke.

Da aka sauke kaya dangin ango suka kwance buhun gero, sai ga shi a surfe tas, ba dusa, har da ɗan danshin nan na sabon surfe. Suka yi ta yabon dangin amarya da ƙoƙari. Uwar amarya kuwa da aka gaya mata a Gaya ta rantse yadda aka sussuko shi haka ta ɗura shi, kuma ni na ɗora buhun da hannuna, na san ƙaiƙayinsa ya bi mini wuya.

Maganar kunnen Kawu ta riga mu isa gida. Kafin kasuwa ta zagayo an fara ce masa Sale Kurma a tasha, fasinja suka riƙa wuce motarmu suna shiga ta baya, daga ƙarshe ya koma dakon gyaɗa da itace, kayan da ba sa tambaya ko direba na ji. Da ya dake ni da na samu sauƙi, amma ko harara bai yi mini ba, har yanzu tare muke fita. Na taɓa durƙusawa na ba shi haƙuri, ya ce, "Tashi, ɗana. Ai ranar na ji abu da kunnen nan."

Ba mu ƙara jin ƙarar ba. Sai dai wani lokaci in muna tafe a hanyar nan, mun doso kufan, sai in ga yatsun Kawu sun fara buga sitiyari, wannan ya ɗaga wannan ya sauke, ya ɗan karkatar da kunnen hagu wajen taga. Ni kuwa da nake da kunne biyu ba na jin komai, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba.

Don haka 'yan'uwana yaran mota, ku duba waiginku kafin ku bar tasha, abin da kuka gani a kife a kufai ku bar shi a kife. In kuma wani ya ba ku amanar kunnensa, duk abin da zai tsorata ku, ku kama bakinku.