Bindiga mai kunama a bisa

Shekarar da ɗiyata ta fara dafa bango tana miƙewa, a shekarar nan ne ubanta ya zama gwanin bindiga. Mutumin da ko ɓera ya gilma a ɗakinmu na Bodinga, ni yake kira.

Waya ce ta jawo mana. Yini yake yana kallon Turawa suna gasar harbi da ƙananan bindigogi masu siffa iri-iri, wata bakinta a ƙasa, wata kamar an taka ta. Sai ya ce ya gano abin da ke sa maharban Kajiji, garin iyayensa, suna kuskure. Wai jan kunama da ɗan yatsa ke karkata hannu. Ya hau mashin har Dandin Mahe, ya sa wani maƙeri ya yi masa 'yar guntuwar bindiga wadda kunamarta ke bisa, a danna da babban yatsa kamar tocila.

Kamar tocila fa! Ga yarinya a ɗaki wadda ba ta da aiki sai danne-danne. Rediyo ta danna, idona ma in na kwanta sai ta danna.

Na ce, "Maigida, abin ga ba na ɗakin mai jinjiri ba ne."

Ya ce, "Ke mi kinka sani? Ba komi cikinta."

Amma hancina lafiya lau yake, ina jin warin albarushi a gefen katifa inda yake cusa ta. Na mayar da ita bayan kwallaye, ya dawo da ita. Na daina sauke yarinyar, da goyo nake daka, da goyo nake wanki, har zani ya yi mini shaida a ƙirji.

Bayan an gama girbi maharban Kajiji kan taru bayan gari, a kafa ƙoƙo a kan turke, a ga wa zai fasa. Ya ɗauke mu munka tafi, wai in gani da idona. Mu mata muna leƙe ta saman dangar gidan surukata, wadda nake kira Inna.

To, a can ba a harbi sai an yi gaisuwa. Kowane maharbi zai zo gaban Sarkin Baka, shugabansu, ya ɗaga bindiga sama ya dunƙule hannu ya yi jinjina. Tsofaffi sunka yi tasu da dogayen adaka. Sai ga namu, riga ta sha guga, ya ɗaga 'yar abarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe!" ya dunƙule hannu. Kowa ya san inda babban yatsa yake sauka in an dunƙule hannu. Kowa, ban da shi da maƙerinsa.

Ƙarar ta tashi, ganyen dogonyaro ya zubo a kan dattawa, wani ya bar takalmi, wani ya faɗa bayan jaki. Allah ya tsare, reshe kaɗai aka sama. Yarinya ta tsandara ihu a bayana.

Sarkin Baka ya kakkaɓe hula ya ce, "Ɗana, wagga gaisuwa taka ta yi nauyi. Kawo ta nan."

Da la'asar na ji shi a tsakar gida yana gaya wa ƙannensa cewa laifin maƙeri ne, za ya karɓo ta a sassauta kunamar. A sassauta! Na shiga ɗakin Inna na durƙusa, na kwance goyo na ajiye mata a cinya.

Na ce, "Inna, in abin can za ta koma Bodinga, to ni da jikarki nan muka zama."

Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙirjina. Ta yafa mayafi ta fita. Abin da sunka yi da Sarkin Baka ban sani ba, amma bindigar tana rataye a zaurensa har yau, baƙi na zuwa kallo.

Munka hawo mashin, yana cika yana batsewa har Shagari. Ban damu ba. Muna isa gida na sauke ɗiyata a ƙasa, na bar ta ta rarrafa duk inda take so.