Ƙwayar Atishawar Baba

Duk shekara idan aka fara sussukar gero a Bilbis, ƙaiƙayi yakan tayar wa Babanmu da atishawa. Hanci ya yi ta zuba, idanu su yi ja kamar wanda ya sha kuka. Maganinsa ɗaya ne, wata 'yar ƙwaya ruwan ɗorawa da yake saye a kemis. Da ya haɗiye ta atishawar za ta lafa, shi kuma ya ɓingire a kan buhuna. A garinmu haka ake auna magani: wanda bai sa ka barci ba, ai bai shiga jiki ba.

Wata ranar kasuwar Tsafe ya sha ƙwayar, ya ɗaure buhu biyu a babur ya kama hanya. Gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya faɗa kwalbati, ƙafarsa ta karye.

A asibiti a Gusau, wata likita ta tambaye shi abin da ya sha da irin aikin da yake yi, sannan ta rubuta masa wani maganin.

"Baba, wannan bai cika sa barci ba," in ji ta. "Ɗaya a rana ta isa."

Ya sha, atishawa ta tsaya, ya wuni idonsa biyu. Amma ransa bai kwanta ba. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau: har Baba ya rasu yana ɗingishi, yana kuma cewa ƙwayar dā ta fi ƙarfi.