Ƙafar Maƙwabciyar Kakata

Har yau in na ji ƙamshin ganyen dogonyaro a tafasasshen ruwa, sai Kakata ta faɗo mini a rai, da gidanmu na Chanchaga.

Kaka ba ta yi boko ba, amma tana yarinya ta yi wa wata Baturiyar mishan aiki a ɗakin shan magani na ƙauyensu. A can ta koyi wankin gyambo. Ta ce matar nan a tabarma take zama, ta sha duk abin da aka miƙo mata, ta yi ta kwaɓa Gwaranci ana dariya. Zancen Yesu kuwa, sai in an tambaye ta.

Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa Banufiya, Musulma, muna ce mata Iya. Gyambo ya ci mata ƙafa har 'ya'yanta suna kau da kai. Kullum da safe Kaka za ta tafasa ganye ta shiga, ta ɗora ƙafar a cinyarta ta wanke, suna tsokanar juna a kan wa ya fi iya miya. Da damina ta yi nisa, bakin ciwon ya fara haɗewa.

Lokacin nan wayar hannu ta fara shigowa Minna. Aka kawo mana sabon mai bishara a coci, matashi, takalminsa kamar madubi. Ya ce za a farfaɗo da hanyar mishan ta dā: magani a gaba, Maganar Allah a baya. Da ya ji labarin Iya, ya matsa sai ya raka Kaka. Ina gidan Iya muna ɓarar gyaɗa da jikokinta, sai ga shi ya shigo tare da Kaka, da kwalin magani da mai ɗaukar hoto.

Iya ta sa aka kawo wa baƙo ruwa a kwanon sha. Kun san baƙo ko bai jin ƙishirwa yakan kurɓa. Shi kuwa ya leƙa kwanon, ya tura shi gefe da ƙafa. Da ƙafa fa! Ya toshe hanci da hankici, ya ce a kwance tsumman da ke ɗaure a ƙafar a ɗauki hoto. Sannan ya ɗaga kwalba ya ce, "Mama, maimaita addu'ar nan bayana, sai a ba ki."

Iya ba ta dube shi ba. Sai ta dubi Kaka, ta ce, "Ashe dama farashin ke nan, ƙawata?"

Da yamma babban ɗan Iya ya aiko cewa kada wani daga gidanmu ya sake taka musu zaure. Ban ga laifinsa ba. Kaka ta ci gaba da ɗora tukunya kowace safiya, ruwan ya tafasa, ya huce, ta zubar. Kafin lokacin girbi ya yi, muka ji an yanke ƙafar a asibiti. Hoton kuwa, sai ga shi manne a bangon coci, wai 'ya'yan aikin bishara. Tir! Kaka ta ɓamɓare shi da farcenta a gaban kowa, ta ƙunsa a bakin zane.

Yanzu abin ya koma cikin waya, kowa na riƙe da buhun shinkafa yana murmushi kusa da mai yunwa. Ni dai ban bar coci ba. Amma duk mai bisharar da ya yi sallama a ƙofata, ruwa nake fara miƙa masa a tsohon kwanon Kaka, in tsaya ina kallon bakinsa.