Muryar Yaya Sabo a Kan Baro

Yau shekara tara da muka kai Yaya Sabo makwancinsa a Miga, amma ko jiya sai da na ji muryarsa. Ina jan kekena a Dutse, wani mai baro ya gitta da lasifika: "Basir, shawara, olsa, hawan jini, ciwon ƙoda! Kwalba ɗaya, kwana lafiya!" Muryar ɗan'uwana ce, har da tarin da yake yi a tsakiya. Ciwon ƙoda ne ajalinsa.

Yaya mai tallar magani ne, Allah Ya ba shi baki. Daga Kafin Hausa zuwa Shuwarin babu kasuwar da bai ci ba. Wani ya naɗi muryarsa a waya, aka yi ta turawa. Yanzu kowa sai ya dafa abin da ya ga dama, ya ɗura a kwalba, ya kunna mamaci ya yi masa shaida.

Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma na yi jinyarsa a asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ƙafafunsa suka kumbura na ce in kawo masa kwalbarsa, sai ya yi dariya ya ce, "Auta, sabara ce da tsamiya da ɗan kanwa. Tana sassauta ciki, wannan na rantse. Sauran cututtukan kasuwa ce ta ƙara su. In ka ce maganin abu ɗaya ne, wa zai tsaya?" Bai kushe sassaƙe ba, bai ce asibiti na hana mutuwa ba, tunda a cikinsa yake kwance. Cewa ya yi kowane magani da iyakarsa, kamar gona.

Da zai dawo yau, me zai ce? Ina jin kunya ce za ta fara kama shi, sannan fushi. Mu ma masu saye ba a wanke mu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun fi son a ce mana an gama, da a ce mu yi ta shan ƙwaya kullum.

Abin ya zo har gida. Inna, mahaifiyarmu, tana da hawan jini. Da damina na je Miga, na tarar da ƙwayoyinta a kan taga ba ta taɓa ba, ga kwalabe jere a ƙarƙashin gado, tana ta dafe kai. Duk ranar kasuwa sai ta sa a tsayar mata da mai baro mai kunna muryar Yaya a ƙofar gida.

Na ce, "Inna, mai muryar nan da bakinsa ya faɗa mini kwalbar ba ta maganin hawan jini."

 Yaya ɗan farinta ne, har ya koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Sai ta ce, "Auta, in ban saya ba, mutumin ba zai tsaya ba. In kuma na saya na ƙi sha, na ƙaryata wancan."

 Na nemi mai baron, ya tura mini muryar, na sa mata a ƙaramar waya. Muka yi sharaɗi: ƙwaya tukuna, sannan ta kunna. Kwalaben kuma na zubar a bayan danga. Ciwon kan ya lafa.

Ni dai na tsaya a kan maganata: babu maganin komai, ko a baro ko a kanti. Wanda ya ce maka yana da shi, tambaye shi wanda ba ya warkarwa. In ya rasa amsa, kama gabanka.

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba, murya ya bari. A kasuwa tana alƙawarin abin da ba ta iyawa. A ɗakin Inna kuwa ciwo ɗaya take yi wa magani, ciwon kewa, kuma tana yi. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka sauran.