Hatsi Uku Bisa Amfilin Kawu

Jiya kawuna, mai kaɗa jita a bukukuwan ƙasar Kurfai, ya cika shekara da rasuwa. Na fiddo ƙaramin amfilinsa, na'urar ƙara sautin jitarsa, ina gogewa da tsumma, sai na ji maɓallan sun juya a ƙarƙashin hannuna. Lambobinsu sun daɗe da shafewa, kuma tun bikin ƙarshe da ya yi wa kiɗa a Bonkuku babu wanda ya taɓa su. Ni da hannuna na ɓata saitin da ya bari.

Kawu ba ya gaggawa da amfilin nan. Zai kunna, ya jira ƙananan kwalaben lantarkin da ke ciki su yi ja, har ƙamshin katako mai ɗumi ya tashi. Sannan ya ɗora ƙwayar hatsi uku a kai, ya bugi babbar tsirkiya, yana murza maɓallin kaurin murya a hankali. Wata rana na ƙosa, na ce, "Kawu, jama'a na jira." Bai ko dube ni ba, ya ce, "Su jira, ɗana. In hatsi ya yi rawa bai hwaɗi ba, sannan murya ta zamna."

Jiyan nan na kunna, na ɗora hatsi, na yi ta bugun tsirkiya ina murzawa har la'asar. Ko su kwanta shiru, ko su zube ƙasa. Duk shekarun da na yi a gefensa hatsin nake kallo, ban taɓa kallon yatsunsa ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa inda ka sauka babu mai ce maka ka yi sauri.